Kyamarar Aljihu: Darasin Da Na Samo Daga Agege

Da muka komo daga gwajin koyarwa, Edita ya bi mu ɗaki ɗaki, ya ce kowa ya rubuto wani abu da ya koya wanda zai amfani 'yan baya. To, ni babban darasina wata 'yar kyamarar aljihu ce ta koya mini shi, kuma ba ta koya mini ba sai da ta jawo mini asarar da ba ta mayuwa. Saboda haka na ga ya kyautu in bayyana muku yadda irin waɗannan kyamarori su ke, da inda su ke da amfani, da inda su ke da rauni, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa. Gani ga wane, an ce, ya isa wane tsoron Allah.

A shekarar 2023 aka tura ni wata makarantar firamare a Agege, can arewacin Ikko. Wanda bai san Agege ba, in aka sauke shi Zango da magariba, ya ji Hausa ta ko'ina, ya ga masu tsire da masu shayi, sai ya yi tsammani Fagge ya ke. Hausawa sun fi shekara ɗari a wurin. Cinikin goro da na shanu ne suka zaunar da su, jirgin ƙasa kuwa ya ƙarfafa zaman, gama hanyar jirgi daga Ikko ta bi ta Agege ta kai Ibadan a 1901, a 1912 kuwa jirgi ya soma tafiya daga Ikko har Kano. Manoman kewayen suka dasa goro, fatake suka riƙa ɗaure shi huhu huhu ana lodawa zuwa Arewa.

Yaran ajina galibinsu nan aka haife su. Suna jin Hausa, suna jin Yarabanci, amma ran da na tambaye su abin da ya kawo kakanninsu Agege, sai aji ya yi tsit. Nan na ƙudura zan shirya musu darasi mai suna Tarihin Unguwarmu, yaran su fita da kansu su tambayi tsofaffi, su ɗauko hotuna, mu manna a bangon aji. Wani zai ce ina wayarka? Waya tawa ɗaya ce, cikinta kuɗina su ke, ba na iya danƙa ta ga yaro ɗan shekara goma ya shiga kasuwa da ita. Banda wannan Hedimasta ya hana waya a hannun yara. Sai na fasa asusu, na tafi wani shago na sayo 'yar kyamara ta hannu, irin kayan da mutanen Ikko ke kira tokumbo.

Asalin abin

Kafin mu shiga aibunta, bari mu san asalinta. Iyayenmu da fim suka san ɗaukar hoto, a ɗauka, a kai a wanke, sa'an nan a ga abin da ya fito. Kyamarar da ba ta bukatar fim, wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, shi ya fara harhaɗa ta a 1975. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto guda a kan kaset. A 1995 kamfanin Casio na Japan ya fitar da wadda ke da ɗan allon kallo a bayanta, mutum ya ɗauka ya gani nan take. Daga nan kasuwa ta buɗe, har a shekarar 2010 kamfanonin Japan suka fitar da kyamarori wajen miliyan 121. Sai wayar hannu ta zo ta kwashe musu ciniki. A 2012 Kodak kansa ya karye, a 2023 kuwa abin da waɗannan kamfanoni suka fitar bai kai miliyan 8 ba.

Abin lura a nan shi ne, yawancin 'yan ƙananan kyamarorin da za ka tarar a kasuwanninmu an ƙera su fiye da shekara goma da suka wuce. Tun ran da aka ƙera su ma don mai ƙaramin ƙarfi aka yi su, maƙerin ya rage tsada duk inda ya sami hali. Ga araha tun asali, ga tsufa, ga kuma hannuwan da ta bi kafin ta iso gare ka.

Jikinta

Tawa fara ce fat kamar azurfa, wanda ya hange ta sai ya ce ƙarfe ce. Ashe roba ce aka shafa wa fenti, ban yi mako biyu da ita ba gefunan suka soma koɗewa. Roba dai ba laifi ba ce, ita ta sa kyamarar ba ta da nauyi, yaro na iya riƙe ta da hannu ɗaya. Laifin yana wurare uku inda ƙarfe ya kamata a sa.

Na fari shi ne murfin batir. Batura biyu ta ke ci, irin na 'yar tocila, kuma a ƙarƙashinsu akwai sifirin da ke turo su waje kullum. Abin da ke riƙe da murfin kuwa wani ɗan haƙori ne na roba, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Shekara da shekaru sifirin na turawa, haƙorin na cinyewa. Katin da hotuna ke taruwa a ciki shi ma a bayan wannan murfi ya ke. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Na biyu shi ne madubin gaba, watau idon kyamarar. In ka kunna ta sai ka ga ya miƙo waje, bututu cikin bututu, in ka kashe ya koma. Wani ɗan inji ne ke tura shi, da waɗansu ƙananan haƙora na roba. Ƙwayar yashi guda in ta shiga tsakanin haƙoran nan ta isa ta tsai da shi, ya ƙi fita ya ƙi komawa, kyamara ta rubuto maka gargaɗi ta mutu. Haka kuma in ta kunnu a aljihu ba ka sani ba, madubin ya nemi fita ya rasa hanya, haƙoran su kan karye. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe irinsu. In ta same ka kada ka danna madubin da yatsa, sai ka ƙara ɓarna.

Na uku shi ne ramin da ke gindinta, inda a ke ɗaura ta bisa sanda mai ƙafa uku. A kan masu tsada ƙarfe ne, a kan tawa roba ne, wanda ya murɗa da ƙarfi sau biyu ya lalata shi.

Ɗigo miliyan goma sha biyu

Mai shagon da ya sayar mini, abin da ya fi nanatawa shi ne megafiksel 12. Ni kuwa na ji lamba babba, na yi murna. Ga ma'anar abin. A bayan madubi, inda da a ke sa fim, akwai wani ɗan allo mai kama haske. An rarraba fuskarsa ɗigo ɗigo, kowane ɗigo ya auna hasken da ya faɗo masa, a tara awon duka ya zama hoto. Ɗigo miliyan ɗaya shi ne megafiksel ɗaya. Tawa tana da ɗigo 4,000 a kwance, 3,000 a tsaye, in ka riɓanya ka sami miliyan 12.

To, amma nawa ne girman allon? Tsawonsa milimita 6 da 'yan kai, faɗinsa milimita 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. Fim ɗin da iyayenmu suka yi aiki da shi milimita 36 ne da 24, watau ya yi talatin ɗin wannan allo a fili. Mu malamai mun san abin da ke faruwa in aka ɗora yara goma sha biyu a bencin mutum huɗu. Rajista ta cika, amma ba mai iya rubutu sosai. Haka ɗigon nan su ke. Kowanne ƙanƙane ne ƙwarai, hasken da ke samunsa kaɗan ne. Da rana tsaka ba a gane wannan, gama haske ya wadaci kowa. Da ka shiga ɗaki sai kyamara ta shiga ƙara wa ɗan abin da ta samu ƙarfi, kamar mai ƙure muryar rediyo a tashar da ba ta kamu sosai ba, magana ta ƙaru, ƙara ma ta ƙaru. Shi ya sa hoton cikin ɗaki ya kan fito da tsakuwa tsakuwa kamar an barbaɗa masa gero.

Kuma ku yi wannan lissafi. Masu buga hoto su kan so ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai inci 6 da 4 ke nan yana bukatar 1,800 sau 1,200, wanda bai wuce miliyan 2 da kaɗan ba. Babba mai inci 10 da 8 yana bukatar 3,000 sau 2,400, watau miliyan 7 da dubu 200. Ashe malamin da ke son hoton bangon aji ba yawan ɗigo ne damuwarsa ba.

Ranar da ta ba ni kunya

Cikin yarana akwai wani wanda kakansa tsohon bafataken goro ne, ya haura shekara tamanin, tun yana saurayi ya zo Agege. Na je na gaishe shi, na faɗa masa bukatarmu. Ya yi dariya, ya ce, "Malam, yau ni ne littafi?" Na ce, "Ai Baba, littafin da ya fi ku ba mu da shi." Ya yarda ranar Asabar zai nuna wa yara yadda a ke tsince goro, a ware fari da ja, a fid da mai tsutsa, a shimfiɗa ganye, a jera, a ɗaure huhu yadda goro zai kai Arewa bai bushe ba.

Ranar ta zo da hadari. Muka zauna a ɗan shagonsa, ciki da duhu, shi kuwa ya sha farar riga sabon guga don girmama mu. Na ba jikan kyamara, na koma gefe ina rubuta abin da tsohon ke faɗi. Aibobi huɗu suka taru mana a wannan zama.

Da fari, jinkiri. Irin wannan kyamara in ka danna maɓalli ba ta ɗauka nan take, sai ta tsaya ta daidaita madubi tukuna, a duhu kuwa ta kan daɗe tana lalube. Kafin ta ɗauka hannun tsohon ya riga ya wuce inda a ke so. Maganin wannan, da na sani, shi ne a danna maɓallin rabi, a jira ta yi 'yar ƙara, a riƙe haka, in lokaci ya yi a ƙarasa dannawa.

Na biyu, walƙiyarta. 'Yar fitilar da ke walƙawa ba ta wuce mita uku ko huɗu. Dalili kuwa haske yana bazuwa ne, in nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa wurin sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka kwandon da ke kusa ya fito fari fat, yaran da ke can baya suka nutse cikin duhu. Bayan kowace walƙiya kuma sai an jira ta tara wuta.

Na uku, farar riga. Kyamara ba ta san riga ba, ba ta san fuska ba. Hasken wuri duka ta ke aunawa ta nemi tsaka-tsaki. In farar riga ta cika hoto sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, rigar ta koma toka-toka, fuskar baƙin mutum kuwa ta dushe har ba a gane ta. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da ke son fararen kaya ran Juma'a da ran Salla. Akwai wuri a cikinta mai alamar tarawa da ɗebewa, in ka matsa shi wajen tarawa da mataki ɗaya fuska za ta fito. Ni ban san da shi ba sai daga baya.

Na huɗu shi ne ya gama da mu. Tsohon ya kai ga ɗaurin ƙarshe, yaron ya durƙusa don ya kama hannuwan sosai, gindin kyamara ya ɗan bugi bakin kwando. Ɗan haƙorin nan ya saki, murfi ya buɗe, batura suka zubo cikin goro. A daidai lokacin kuwa tana cikin rubuta hoto a kati. Muka tsince batura muka mayar, sai ta ce ba ta iya karanta katin, ko in yarda ta share shi. Yaron ya dube ni idonsa ya cika da hawaye, ya ce, "Malam, ni na ɓata ta?" Na ce masa a'a, laifina ne, gama tun ran da na saye ta na ga murfin yana motsi, na ƙyale.

Allah ya taimake ni ban yarda ta share ba. Na kai katin kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wadda a ke kira Computer Village, wani saurayi ya sa shi a kwamfutarsa ya yi ta bincike. Cikin hotuna goma sha tara ya ceto bakwai. A bakwai ɗin nan ɗaya kaɗai ke nuna fuskar tsohon sosai, na ɗaurin huhu kuwa ko ɗaya bai dawo ba. Na ce ba kome, ma sake zama. Aka shiga jarrabawa, na yi ta ɗagawa. Mako uku bayan haka tsohon ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Iyalinsa suna da hotunansa a wayoyinsu, amma hoton hannuwansa suna aikin da ya yi shekara sittin yana yi, babu shi a ko'ina.

Batir, kati, da laima

Akwai sauran abubuwa uku da ya kamata ku sani. Batir mai araha da mu ke sa wa tocila da rediyo ba ya iya ciyar da kyamara, gama ita wuta mai yawa ta ke zuƙa lokaci guda. Ka sa sabo, ka ɗauki 'yan hotuna, ta ce ya ƙare, alhali in ka mai da shi rediyo sai ya yi kwanaki yana aiki. Wanda aka rubuta wa Alkaline ya fi, amma mafi kyau shi ne wanda a ke caji, mai alamar NiMH. Ka sayi huɗu, biyu a ciki biyu a aljihu. In za ka ajiye kyamara ta daɗe, cire batura, don su kan yi yoyo su cinye ƙarfen ciki.

Kati kuma ba kowanne ta ke karɓa ba. Kyamarorin da aka ƙera kafin 2006 galibinsu ba su karanta katin da ya wuce gigabait 2, waɗanda suka biyo bayansu da 'yan shekaru kuwa da yawa iyakarsu 32. Kada ka sayi babban kati sai ka gwada shi a gaban mai shago.

Sai laima. Mu mutanen Arewa ƙurar hunturu muka sani, ita ce mai shiga haƙoran madubi. A Ikko kuwa iska ce ke ɗauke da danshi, balle a watan Yuni da ruwa ya fi yawa. Yadda takalmi ke yin fumfuna a ƙarƙashin gado, haka madubin kyamara ke yi daga ciki, ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, hoto ya riƙa fitowa da hazo. Kada ka bar ta cikin jakar fata ko ƙasan akwati. Nemi roba mai murfi da ke rufuwa ruf, ka sa ta ciki tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da a ke samu cikin kwalin sabon takalmi.

Alherinta

Kada in yi mata rashin adalci. Bayan na ɗaure murfin da robar ɗaure kuɗi, yarana sun ɗauko hotuna masu kyau da ita a fili, da safe da kuma bayan la'asar: tashar jirgi, da masu burodin Agege da farantansu a ka, da motocin shanu masu zuwa mayankar Oko-Oba, da gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021. Madubinta yana jawo abu na nesa sau uku ba tare da hoto ya lalace ba. Sai dai in ka wuce nan, ta shiga abin da a ke kira jawowar dijital, yanka tsakiyar hoton kawai ta ke yi ta kumbura shi, gara a kashe wannan. Allon bayanta ba ya ganuwa cikin rana, yaran suka koyi yi masa inuwa da hula. Sun kuma koyi abin da ya fi ɗaukar hoto, watau yin sallama da neman izini kafin a ɗauki mutum.

Shawara

Ga wanda zai saya, ga abin da na ke ba shi shawara:

1. Tafi da baturanka da katinka, ka gwada a shagon. Kunna ka kashe sau goma, kana sauraron madubi. In ka ji yana ƙara kamar ana niƙa, ajiye ta.
2. Girgiza ta a hankali, ka taɓa murfin batir. In yana motsi, ko ka bar ta ko ka ɗaure shi tun ran nan.
3. Haska madubin da tocila ka duba fumfuna. Ɗauki hoton farar takarda ka duba ko akwai tabo.
4. Sa mata igiyar hannu, kada yaro ya karɓe ta sai ya zura hannunsa.
5. In hoton yana da muhimmanci, fito da mutum bakin ƙofa ko inuwar bishiya, ka kashe walƙiya. Ɗauki uku, ka duba kafin a tashi.
6. Kwashe hotuna zuwa kwamfuta ko waya a ranar. In kati ya ƙi karantuwa, kada ka yarda a share shi, kada kuma ka sake ɗaukar kome a kansa.
7. Hoton yara, sai da sanin Hedimasta da yardar iyaye.

Mun yi darasinmu a makon ƙarshe. Hoton tsohon guda ɗaya muka sa a tsakiyar bango, a ƙarƙashinsa jikan ya zana yadda a ke ɗaure huhu, mataki mataki, gwargwadon abin da ya tuna da abin da na rubuta. Da zan taho na bar wa makarantar kyamarar, da robarta a ɗaure. Ku da za ku fita gwaji baɗi, ku gwada kayan aikinku tun kafin ranar aiki, in kuwa tsoho ya ce ku zo ran Asabar, abu ya ɓaci, to ku koma ran Lahadi. Allah ya sa mu dace, amin.